Kilen Linux

Kilen Linux ƙaramin kile ne na USB da aka zuba wa cikakken tsarin Linux, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, ta yadda kwamfuta za ta tashi daga kansa ba sai ta nemi disk ɗin da ke cikinta ba. Shi Linux kansa Linus Torvalds ne ya fara shi a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, kyauta ne, kowa na iya kwafa ya ba wani, kuma a kansa aka gina Android. Tada kwamfuta daga waje ya shahara ne da wani nau'in Linux mai suna Knoppix, na Klaus Knopper, Bajamushe, wanda ya fito a 2000, lokacin a faifan CD ake sa shi. Yau nau'o'in Linux irin su Ubuntu, da ya fito a 2004, da Linux Mint duk haka suke zuwa, ka gwada tukuna in ka ga dama ka girka.

Haɗa shi ba wuya. Kile mai giga 8 ya isa, a sauko da fayil ɗin ISO, wanda ke ɗauke da tsarin gaba ɗaya, a zuba shi da manhajar Rufus ko Ventoy. Amma fa duk abin da ke cikin kilen gogewa zai yi, a kwashe shi tun farko. Saukowar ce ke cin mega, shi ya sa gara mutum ɗaya ya sauko sauran su kwafa wajensa, ba haramun ba ne. Tsohuwar kwamfuta mai RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) giga 2 ko 4, nau'i marar nauyi irin Lubuntu ko Mint mai Xfce ya fi dacewa da ita, Ubuntu na ainihi nauyi gare shi. Wajen tayarwa a soka kilen, a kunna, a yi ta danna F12 in Dell ce ko Lenovo, F9 in HP ce, sai jerin wuraren da kwamfuta za ta iya tashi daga gare su ya fito a zaɓi USB.

Babban amfaninsa wajen mai gyara shi ne raba gardama: ciwon na Windows ne ko na ƙarfen ne? Kwamfutar da ta ƙi tashi amma ta tashi lafiya lau da kile, allo ya kawo, sauti ya fito, to ƙarfenta ƙalau yake, matsalar tana disk ko Windows ɗin. In kuwa da kilen ma tana mutuwa bayan ƴan mintuna, a kai hannu wajen fanka a ji. A Maradi ƙurar hunturu na toshe mafitar iska, zafin Afrilu da Mayu ya zo ya ƙarasa, injin ya kashe kansa don kar ya ƙone, wannan hurawa da sabon man firosesa (man da ke taimaka wa ƙwaƙwalwar injin ta fitar da zafi) yake so, ba fomatin ba. Kuma nan ne wasu masu gyara ke cutar mutane, ko me aka kawo sai su ce a yi fomatin, ɗalibin jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya rasa memuwar da ya yi shekara yana rubutawa alhali da kile za a buɗe disk ɗin a kwashe takardun kafin a taɓa komai. Wani lokaci disk ɗin zai buɗe amma ya ƙi a rubuta masa, saboda Windows bai mutu gaba ɗaya ba, barci ya yi, kwafewa dai ba ta gagara.

Akwai kuma ƙwayar nan da ake kwasowa a shagunan fotokofi, ka soka kilenka ka dawo gida ka tarar duk dosiyoyinka sun koma alamomi masu ƴar kibiya. Ba ta goge komai ba, ɓoyewa ta yi. Linux bai kula da ɓoyon Windows ba kuma ƙwayar ba ta aiki a cikinsa, in ka tada kwamfuta da kilen Linux ka soka naka sai ka ga fayilolinka jere, ka goge masu ƙarewa da lnk da vbs ɗin da ba ka san su ba, ka kwashe naka.

Haka yake a harkar rezo. A buɗe taminal, tagar da ake rubuta umarni, a rubuta ping, umarnin gwada haɗi, da adireshin akwatin wifi, misali ping 192.168.1.1, ko dai adireshin da ke manne a bayan akwatin wifi ɗin, in ya amsa to tsakaninka da akwatin lafiya. Sai ping 8.8.8.8, wani adireshi da ke can intanet, in ya yi shiru, intanet ɗin ne bai shigo ba, a duba sim ko forfe ko ya ƙare. In ya amsa amma shafuka ba sa buɗewa, DNS ne, mai fassara sunan shafi zuwa adireshi, a canza shi. Wasu katunan wifi, musamman na kamfanin Broadcom, ba sa tashi sai an girka musu direba, ƴar manhajar da ke sa su aiki, wadda sai da intanet ake sauko da ita, dabarar ita ce a haɗa wayar Android da kebul a kunna raba intanet ta USB, Linux na kamawa nan take. In kuma kowane shafi na kukan ba shi da tsaro, a kalli kwanan wata, galibi ƴar batirin CR2032 da ke kan allon ciki ce ta mutu agogo ya koma baya.

Maɓallai ma kan ruɗa sabon shiga, tunda kwamfutocin da ake shigowa da su daga Kano da Katsina jerin haruffansu QWERTY ne, na Faransa kuwa AZERTY, in tsarin bai dace da maɓallan ba ka danna a sai q ta fito. Wajen tashi ake zaɓar shimfiɗar maɓallan, ko a rubuta setxkbmap fr a taminal don ta Faransa, akwai ma ta Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ, setxkbmap ng hausa.

Raunin kilen shi ne mantuwa, a RAM yake aiki, da an kashe ko kuran ya ɗauke duk abin da ba a ajiye a wani wuri ba ya tafi, kuma bai kai na girke sauri ba. Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma na neman TPM 2.0, wani sashe na tsaro a cikin injin, wanda yawancin tsofaffin kwamfutoci ba su da shi, mai irin wannan inji na iya gwada wifi da firinta da kile tukuna, in duk sun yi ya danna alamar girkawa da ke kan allo.