Waiwaye: Tun yaushe marubutan Birtaniya suka fara tsoron ƙasa ta juya musu baya?

Muhawara ce da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu sharhin adabi: shin marubuta ƙagaggun labarai sun yi barci a kan batun muhalli? Marubucin nan ɗan Indiya, Amitav Ghosh, ya rura wutarta a 2016, inda ya ce manyan littattafai sun kauce wa sauyin yanayi. Da zafi ya haura digiri 40 a Ingila a Yulin 2022, sai wasu suka ɗauka yanzu ne alƙalami ya farka. Ba haka ba ne, abin ya daɗe.

Farkon labarin sananne ne. Charles Dickens ya zana garin masaƙu da hayaƙi ya turnuƙe a Hard Times tun 1854. J.R.R. Tolkien kuma, shekara ɗari bayan haka, a littafinsa The Lord of the Rings, ya yi kukan itatuwan da aka sare aka kafa injuna. Amma duk wannan kewa ce, irin ta wanda ya koma ƙauyensu ya tarar an sare kukar ƙofar gida. Kyan ƙasa ake wa kuka, babu mai tunanin za ta daina ciyar da shi.

A ganina, inda akalar ta juya shi ne 1956, da wani ɗan littafi da ba kasafai ake ambatonsa ba, The Death of Grass, wato mutuwar ciyawa, na John Christopher. Dubi abin da mutanen Ingila suka gani kafin fitowarsa. An ƙayyade yawan burodin da kowa zai saya daga 1946 zuwa 1948, bayan yaƙin duniya na biyu ma ya ƙare, nama kuwa sai 1954 aka daina sayensa da katin rabo. A Disamban 1952 hazon hayaƙin kwal ya rufe Landan kwana biyar, ya kashe aƙalla mutum 4,000. A ƙarshen Janairun 1953 teku ta ɓalle gabar gabas, mutum 307 suka mutu a Ingila. A shekarar kuma wata cuta ta shiga zomayen daji, ta kusa ƙarar da su, manoma na tsintar su a bakin hanya idanu a kumbure.

Daga wannan fargaba littafin ya fito. Wata ƙwayar cuta ta kama shinkafa a ƙasar Sin, Turawa na jin labarin yunwar daga nesa suna tausayawa, cikinsu a ƙoshe. Sai cutar ta rikiɗe ta afka wa duk dangin ciyawa, har alkama da sha'ir. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya zai gane girman masifar, domin gero da dawa da masara duk a wannan dangi suke, kuma in babu ciyawa babu saniya. Wani injiniya ya kwashi iyalinsa daga Landan ya nufi gonar ɗan'uwansa a wani kwari a arewacin Ingila, inda aka shuka dankali aka kuma toshe mashiga da shinge. Kafin su isa, mutumin kirkin nan ya saba da kisa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne babu dodo a labarin, babu baƙi daga sama. Tsibiri ne kawai da ya saba cin abincin da jiragen ruwa ke kawo masa.

To me ya sa aka manta? An jera shi a sahun labaran kimiyya, waɗanda a lokacin ake wa kallon abin kashe dare, kamar yadda aka yi wa The Drowned World na J.G. Ballard, wanda ya nutsar da Landan a ruwa a 1962. Lokacin da Ian McEwan ya fitar da Solar, labari kan sauyin yanayi, a 2010, da John Lanchester ya kewaye Birtaniya da katangar tare teku a The Wall a 2019, hanya ta riga ta sha tafiya. Shi kuwa littafin ciyawa ya yi shekaru ba ya kasuwa, sai a 2009 kamfanin Penguin ya sake buga shi a jerin fitattun littattafan zamani.