Qi da Tarbiyyar Kai a Falsafar Konfushiyas

Qi, wadda ake furtawa kamar "ci", kalmar Sinanci ce da asalinta ke nufin tururi ko numfashi. Masanan ƙasar Sin na da sun faɗaɗa ta har ta zama sunan kuzarin da ke cika jikin mutum, wanda kuma shi ne ke yawo a iska da gajimare. Likitocinsu sun dube shi ta fuskar lafiya, mabiya Konfushiyas kuwa ta fuskar hali.

Konfushiyas, babban malamin falsafa na ƙasar Sin wanda ya rayu daga 551 zuwa 479 kafin Miladiyya, bai yi dogon bayani a kai ba. Gargaɗi kawai ya yi: saurayi ya kiyayi sha'awa domin jininsa da qi ɗinsa ba su natsu ba, wanda ƙarfi ya kawo masa ya kiyayi faɗa, tsoho kuma ya kiyayi kwaɗayi.

Mengzi, wani mabiyin koyarwar Konfushiyas, shi ne ya zurfafa maganar a ƙarni na 4 kafin Miladiyya. Ya shaida wa almajirinsa Gongsun Chou cewa tun yana ɗan shekara 40 zuciyarsa ta daina girgiza, kuma ya iya renon wani qi mai tumbatsa kamar ambaliya, wanda idan ba a cutar da shi ba zai cika tsakanin sama da ƙasa. A wurinsa niyya ita ce sarkin yaƙi, qi kuma rundunarta. Abincin rundunar nan shi ne aikin gaskiya da ake tarawa yau da gobe. Aiki nagari guda ɗaya ba ya isa, kuma da zarar mutum ya aikata abin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba, sai qi ya rame.

Daga nan, don ya nuna cewa ba a tilasta wa qi girma, ya kawo labarin manomin ƙasar Song da ya ga shukarsa ba ta saurin girma, ya bi ta yana jan kowace sama. Ya koma gida a gajiye yana cewa yau ya taimaki shuka ta yi tsawo. Ɗansa ya ruga gona, ya tarar duk ta bushe. Nan ne zuciyar koyarwar take, kuma ta cancanci a tsaya a kanta: wanda ya bar gonarsa babu noma ya yi sakaci, amma mai gaggawar nan ɓarnarsa ta fi, domin shi da hannunsa ya kashe abin da yake so.

Bayan ƙarnoni masu yawa, Zhang Zai (1020–1077) ya ce duk halitta qi ce, tana taruwa tana watsewa. Zhu Xi (1130–1200) ya haɗa qi da li, wato ƙa'idar da ke cikin kowane abu. A ganinsa, asalin ɗabi'ar mutane ɗaya ce kuma tagari ce, sai dai qi ɗin wani garau yake, na wani kuma gurɓatacce, kamar lu'ulu'u a cikin ruwan laka. Karatu da natsuwa da kiyaye ladabi su ne ke sa lakar ta kwanta. Daga 1313 sharhin da Zhu Xi ya yi wa littattafan koyarwar Konfushiyas ya zama ginshiƙin jarrabawar ɗaukar ma'aikatan daula.

Wen Tianxiang, babban jami'in daular Song da Mongol suka kama, ya rubuta waƙa kan qi na gaskiya a kurkukun Dadu, Beijin ta yau. Ya ƙi yi wa sarkin Mongol Kublai Khan mubaya'a, aka kashe shi a 1283.