Mo ko MB, Go ko GB: wane mudu ake auna mana data da shi?

Kawuna ya zo Garwa daga Mubi ɗaurin auren ƙanwata, kuma kafin ya sha ruwa sai da ya sa aka raka shi ya sayi layin Kamaru, don nasa ya daina kama rezo tun a hanya. Ya miƙa wa yaron da ke sayar da kiredi a ƙarƙashin lema kuɗi, ya ce a saka masa data. Saƙo ya shigo da Faransanci. Ya gyara tabarau, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya ƙwala min kira.

"Kai yaro, zo nan. Ni MB na ce a saka min. Mene ne kuma Mo?"

Na ce, "Kawu, ai shi ne. Haka ake rubuta shi a nan."

"Ka tabbata? Kada fa mudunku ya gaza namu."

Ban ga laifinsa ba. Ɗan kasuwa ne, ya san mudun wannan kasuwa ba lallai ya zo daidai da na waccan ba, ya kuma san dubun naira da dubun sefa suna kawai suka haɗa. Amma a wannan karon babu ƙwange. Mo 500 a Garwa, ko Marwa, ko N'Djamena, shi ne MB 500 a Mubi da Yola, ko ƙwaya ɗaya babu bambanci. Haka Go da GB, haka Ko da KB. Harafin farko yawa yake nunawa, na biyu kuma sunan abin da ake ƙirgawa. Turawan Ingila da Amurka suna kiransa byte, ana furta shi bayit, Faransawa suna kiransa octet, ana furta shi okte. To mene ne shi wannan abin?

Sai an ɗan sauka ƙasa da shi tukuna. Waya da kwamfuta ba su san harafi ba, ba su san hoto ko murya ba. A cikinsu akwai ƙananan makunnai masu ɗimbin yawa, kowanne ko dai yana kunne ko yana kashe. Ana rubuta kunne da 1, kashe da 0. Wannan amsa guda, i ko a'a, ita ce bit, kuma babu awon da ya fi ta ƙanƙanta. Kalmar ta fito fili ne a 1948 cikin wata maƙala ta Claude Shannon, masanin lissafi a ɗakin bincike na Bell da ke Amurka, shi kuma ya ce daga wurin abokin aikinsa John Tukey ya samo ta. An gutsuro ta ne daga kalmomin Turanci biyu, binary digit, wato lambar da ba ta wuce iri biyu.

Bit ɗaya ba ya faɗin abin kirki. Amma idan aka jera biyu, za a sami tsari 4: 00, 01, 10, 11. Uku su ba da 8, huɗu 16, a yi ta ninkawa. Idan aka kai takwas an sami tsari 256, waɗanda suka isa a ba kowane harafin boko, babba da ƙarami, da lambobi da alamomin rubutu, nasa tsarin na kansa har a bar saura. Babban harafin A, misali, shi ne 01000001. Wannan damin na bit takwas shi ne bayit, shi ne okte.

Werner Buchholz, injiniya haifaffen Jamus da ke aiki a kamfanin IBM, shi ya ƙirƙiro kalmar byte a 1956, lokacin da suke tsara wata babbar kwamfuta mai suna Stretch. Daga kalmar Turanci mai nufin cizo ko loma ya ɗauko ta, wato abin da na'ura ke iya kai wa baki a lokaci guda, sai ya sauya harafi ɗaya don kada a riƙa rikita ta da bit. Sai dai a wancan zamani lomar ba ta da tsayayyen girma. Wasu na'urori bit shida suke haɗiya, wasu bakwai, wasu tara. Shida kuwa tsari 64 kaɗai yake bayarwa, ba ya isar manyan haruffa da ƙanana da lambobi da alamomin rubutu tare. Jerin kwamfutocin System/360 da IBM ta fitar a 1964 su suka tsaya a kan takwas, suka kuma yi kasuwa sosai har sauran kamfanoni suka bi sahu.

Nan ne nake ganin Faransawa sun fi gaskiya, ko da yake ba kullum nake faɗin haka ba. Okte daga kalmar Latin octo ya fito, ma'anarta takwas, tushe ɗaya da watan Oktoba, wanda shi ne na takwas a tsohuwar kalandar Rumawa. Sunan da kansa ya faɗi adadin, babu sauran gardama. Shi ya sa ko a takardun ƙa'idojin intanet da aka rubuta da Turanci za ka ga octet ake amfani da shi a inda ba a son kokwanto. Dama Faransawa ba su cika son aron kalma ba. Ita kanta kwamfuta ai sai da suka nemo mata ordinateur a 1955, bisa shawarar wani farfesan Latin, Jacques Perret, da reshen IBM na Faransa ya tuntuɓa. Mu da muka gaji harshensu a makaranta da ofis, da shi muka gaji Mo da Go.

Kilo, mega da jiga kuwa duk daga Girkanci suke. Kilo dubu ne, kamar na kilon nama. Mega miliyan, asalin ma'anarsa babba. Jiga, wanda 'yan Najeriya ke ce wa giga, miliyan dubu ne, ma'anarsa ƙato. Sama da shi akwai tera, dodo ke nan.

Kawu ya tsira daga ƙwangen da ya ji tsoro, amma akwai wurare biyu da mudun yake da ɗan lauje cikin naɗi, kuma ba ruwansu da iyakar ƙasa.

Na farko shi ne katin memori. Ka sayi na Go 64 a kasuwa, ka saka a kwamfuta, ta nuna maka 59 da ɗoriya. Nan take zuciya ta ce jabu ne. Jabu yana nan da yawa, ban musa ba, amma wannan giɓin ba shi ne shaidarsa ba. Masu ƙera kati suna ƙirga kilo a matsayin 1,000. Kwamfuta kuwa da ninkin biyu take tafiya, kuma ninkin da ya fi kusa da dubu shi ne 1,024, don haka tun da daɗewa masu shirya manhaja suka riƙa kiran 1,024 kilo. Bambancin 24 kamar ba komai ba ne, amma yana haihuwa a kowane mataki. Jiga ɗaya a lissafin mai kati 1,000,000,000 ne, a lissafin Windows kuma 1,073,741,824, wato ratar ta kai kusan kashi 7 cikin 100. Shi ya sa 32 ke komawa 29.8, tera ɗaya kuma ya koma jiga 931. A 1998 hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya, IEC, ta yi ƙoƙarin raba gardamar da sababbin sunaye ga masu 1,024: kibi, mebi, gibi, waɗanda a Faransanci ake rubutawa Kio, Mio, Gio. Ni dai ban taɓa jin wanda ya je wurin mai kiredi ya ce a saka masa gibi ba.

Na biyu ya fi cin mutane, kuma a nan ma Faransanci ya fi sauƙi. Yawan data da okte ake auna shi, amma gudun rezo da bit ake auna shi. A Turanci bambancin bai wuce girman harafi ba: MB mai babban B bayit ne, Mb mai ƙaramin b bit ne, kuma na farko ya ninka na biyu sau takwas. A wurinmu Mo da Mbit ba sa ko kama da juna, sai dai baki ya kan haɗe su duka ya ce mega. Idan aka ce maka gudun layinka mega 8 ne a daƙiƙa, to Mo ɗaya kacal ke saukowa a kowace daƙiƙa. Fim mai nauyin Mo 700 da kake tsammanin zai sauka cikin minti ɗaya da rabi, sai ya ci kusan minti 12, shi ma idan rezo bai yi tuntuɓe ba.

Wannan lissafin ne ya amsa wa Kawu tambayarsa ta gaba, don washegarin biki da la'asar Mo 500 ɗinsa sun ƙare, alhali an ce masa na mako guda ne. Mako wa'adi ne kawai, kamar ranar lalacewar magani. Abin da ya saya awo ne, kuma awo yana ƙarewa gwargwadon ɗiba. Rubutu ba ya cin komai: wannan bayanin da kake karantawa gaba ɗayansa bai kai Ko 10 ba. Hoton da waya ta ɗauka ya kan kai Mo biyu ko uku. Bidiyon da ke gudu a kan Mbit 2 a daƙiƙa kuwa Mo 15 yake sha a minti, Mo 900 a awa. Kawu ya kwana yana nuna wa mutanen gida shagalin biki ta kiran bidiyo. Kuma abin da ka tura ma ana aunawa, ba wanda ka karɓa kaɗai ba.

Don a ga nisan tafiyar: faifan ajiya na farko da IBM ta fitar a 1956, na na'urar RAMAC, faranti 50 ne a jere, kowanne faɗinsa inci 24, nauyin akwatin ya kai kimanin tan guda, kuma haruffa miliyan 5 yake ɗauka. Hoto biyu na amarya sun cika shi.

Akwai wani wurin da okte ya taɓa Hausa kai tsaye, kuma shi ya fi damuna. Tsarin ASCII na 1963, wanda ya raba wa haruffa lambobi, don Turanci aka yi shi, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Sai da Unicode ya zo a 1991, sannan aka tsara UTF-8 a 1992, haruffan sauran duniya suka sami gurbi a tsari guda. A UTF-8 harafin k okte ɗaya ne, ƙ kuwa biyu. Kalmar kasa okte 4 ce, ƙasa 5. Haka ɓ, ɗ, ƴ da ŋ na maƙwabtanmu Fulani, haka é na Faransanci, haka kowane harafin Larabci da ake rubutu da shi a Kusiri da N'Djamena. 'Yar fuskar dariyar nan da muke liƙawa a ƙarshen saƙo ita okte 4 take ci.

A SMS abin ya fi tsanani. Saƙo ɗaya okte 140 ne, wato bit 1,120. Idan aka ba kowane harafi bit 7, haruffa 160 ke shiga. Amma jerin haruffan da aka yarda da su a wannan tsarin na Turai ne, akwai é da à, babu ƙ. Da zarar ka saka ƙugiya ɗaya, ko dai wayar ta cire ta ba da saninka ba, ko kuma saƙon gaba ɗaya ya koma bit 16 ga kowane harafi, haruffa 70 kaɗai su shiga. Saƙon da ya kamata ya tafi a matsayin ɗaya sai ya rabu biyu ko uku, kiredi ya tafi sau biyu ko uku. Masu rubuta Larabci a Chadi da 70 ɗin suka saba tun farko.

Ina zargin wannan, tare da madannan da ba su da haruffanmu, na cikin abin da ya koya wa mutanenmu rubuta kasa a inda suke nufin ƙasa, da bata a inda suke nufin ɓata. A zamanin SMS akwai hujja. A WhatsApp da Facebook kuwa, ko ka rubuta ƙ sau miliyan ɗaya, Mo biyu ka ci, bai wuce hoto guda da wayarka ta ɗauka ba.