Waiwaye: Bokanyar Delfi da Kafa Sababbin Garuruwan Girkawa

Tsakanin ƙarni na 8 da na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Girkawa sun bazu a gaɓar Bahar Rum da Baƙin Teku suna kafa garuruwa. Ƙarancin ƙasar noma ne da rikicin cikin gida da neman kasuwa ke tayar da su. Amma al'ada ta tanadi cewa kafin jirgi ya tashi, sai jagoran tafiyar ya je Delfi, a gindin dutsen Farnasus, wajen bokanyar da ke magana da yawun gunkin Afolo. Fitiya ake ce mata. A kan kujera mai ƙafa uku take zama, kuma rana ɗaya tak a wata take duba.

Labarin Sirene, da kufanta ke kusa da Shahat a Libiya ta yau, shi ya fi kowanne cika. Hirodotus, marubucin tarihi na Girkawa, ya ce bokanyar Delfi ta umarci mutanen tsibirin Tera na Girka su kafa gari a Libiya, suka yi kunnen uwar shegu. Sai fari na shekara 7 ya kama su, itatuwa suka bushe saura ɗaya. Dole aka jefa ƙuri'a tsakanin 'yan'uwa maza, aka cika jirage 2, aka ɗora wani Batus mai i'ina a kansu. Da wuya ta yi wuya suka juyo gida, mutanensu suka tare su da jifa daga bakin gaɓa. Suka raɓe a tsibirin Filatiya da ke gaɓar Libiya shekara 2 ba ci gaba, suka koma Delfi da ƙorafi. Bokanya ta yi musu gatse: ashe sun fi Afolo sanin Libiya, su da ba su taɓa taka ta ba? Sai wajen shekara ta 631 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) suka kafa Sirene.

Masu ƙaura kan tafi da wuta daga murhun garinsu na asali. Waɗanda suka kafa Naksos a Sisili wajen 734 sun gina wa Afolo wurin yanka a bayan gari. Jagora kuwa in ya mutu, galibi a dandalin gari ake binne shi, ana yi masa yanka duk shekara.

A ganina, abin da Delfi ke bayarwa izini ne fiye da kwatancen hanya. Wanda zai ƙwace ƙasar wasu, ya raba gonaki, ya yi mulki, yana bukatar a ce da yardar gunki ya zo. Yawancin labaran ma an rubuta su ne shekaru aru-aru bayan garuruwan sun bunƙasa, saboda haka masana ke zargin an gyara zance. Doriyus ɗan sarkin Sparta ya tafi Libiya wajen 515 bai tuntuɓi Delfi ba, a shekara ta uku 'yan ƙasa da mutanen Kartej suka fatattake shi. Hirodotus bai manta ya ambaci wannan sakaci nasa ba.