Samari, maciji ba abin ajiyewa a ɗaki ba ne

Wata ɗabi'a ta fara shiga tsakanin samarinmu a nan Maradi, kuma ta hana ni sukuni. Yaro zai ga gardi yana wasa da maciji ranar kasuwa, ko ya ga wani a TikTok ya rataya shi a wuya, sai shi ma ya gangara Gulbi ko ya nufi dajin Baban Rafi ya kamo nasa. Ya jefa shi a bokiti, ya tura ƙarƙashin gado. Ɗakin nan kuwa ƙannensa ke kwana a ciki.

In ka yi masa magana, sai ya ce ai an cire haƙorin, ko ya ce ya sha magani. Haƙorin dafi sake tsirowa yake yi, dafin kuma yana nan a jakarsa ba inda ya tafi. Batun magani kuwa, ba kowane sari ne maciji ke zuba dafi ba. Wanda ya dace da irin wannan sarin sai ya ɗauka laya ce ta yi aiki, har ranar da aka zuba masa na gaske.

Kububuwa ta fi ba ni tsoro. Ƴar ƙarama ce, da ƙyar take wuce kamu ɗaya, amma dafinta hana jini daskarewa yake yi. Mutum zai wuni yana cewa lafiya lau, washegari jini ya ɓalle ta dasashi, ta fitsari, ta tsohon miki. Mu a likita, jinin muke ɗiba mu zuba a kwalba mai tsabta, mu jira minti 20. In bai daskare ba, dafi ya shiga, sai allurar kashe dafi, wadda ke da tsada kuma ba kowace ƙaramar likita ke da ita ba. Macijiyar nan kasa kuwa, kumbura ƙafa take yi har nama ya ruɓe. Gamsheƙa mai tofi kuma ido take nema. In ta tofa, a yi ta wanke idon da ruwa mai yawa nan take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa kowace shekara sanadin sarin maciji, yawancinsu a gona ko kiwo tsautsayin ya same su. Mai ajiye shi a ɗaki shi ya je ya ɗauko da hannunsa.

In sari ya auku, don Allah kada a ɗaure da igiya ko roba, kada a tsaga, kada a tsotsa. Baƙin dutse ba ya zuƙe dafi, ɓata lokaci ne kawai. A cire zobe da duk abin da ya matse, a kwantar da mutum, kada ya taka da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti ba jira.

Iyaye, ku leƙa ɗakunan samarinku. In kun tarar da maciji, ku fitar da yara, ku rufe ƙofa, ku kira ma'aikatan gandun daji. Ko an kashe shi kada a bari yaro ya taɓa kan, domin yankakken kan maciji yana iya sara.