Ɗinkin hula na hannu a tsakanin Hausawan Legas

Ɗinkin hula na hannu aiki ne na allura da zare da ake ƙawata farin yadi da shi har ya zama hular maza, irin wadda ake ɗorawa a kan kaftani ko babbar riga. A Arewa an fi saninsa a matsayin sana'ar neman abinci, musamman a ƙasar Barno da Kano da Zariya, maza na yi mata na yi, amma a Legas akwai waɗanda suka ɗauke shi abin ɗebe kewa kawai, wato aikin da mutum zai riƙa yi a lokacin da ba shi da abin yi don hannunsa ya samar da wani abu mai kyau. Cikin duk ayyukan fasaha da ɗan ci-rani zai iya koya da wuya a samu wanda ya kai shi arha da rashin cin wuri, kayan aikin gaba ɗaya leda ɗaya za ta ɗauke su.

Me ya sa ya dace da zaman Legas

Jihar Legas ita ce mafi ƙanƙanta a faɗin ƙasa a duk jihohin Najeriya, ga shi kuma jama'a sun yi mata yawa, shi ya sa ɗaki ya zama abu mai tsada sosai, kuɗin haya ma yawanci na shekara ake karɓa a dunƙule. Duk wanda ya san Agege ko Idi-Araba ko Obalende ko Alaba Rago ko kewayen kasuwar Mile 12 ya san yadda zaman yake, gidan haya ne mai dogon lungu ɗakuna na kallon juna, banɗaki ɗaya, wani ɗakin ma samari huɗu ko biyar ne a ciki kowa da jakarsa a rataye a ƙusa, ko kuma magidanci da matarsa da yara duk a ɗaki guda. To a irin wannan wurin ina za ka ajiye keken ɗinki, balle ka ce za ka yi kiwon tattabaru ko aikin katako? Ɗinkin hula kuwa ba ya buƙatar tebur, ba ya buƙatar wutar lantarki, ba ya ƙara balle maƙwabci ya yi ƙorafi, kana zaune a kan tabarma ko benci ka ɗora yadin a cinyarka shi kenan an fara aiki.

Sannan ga maganar lokaci. Ayyukan da 'yan Arewa da yawa ke yi a Legas ayyuka ne masu dogon zama, mai gadi da ke wuni a bakin get, mai tireda, mai jiran a sauke kaya daga tirela, mai shayi da rana kafin yamma ta yi, duk suna da awanni da ke wucewa haka nan, yawanci a latsa waya har data ta ƙare. Gaskiya abin tausayi ne ka ga matashi mai kaifin ido da hannu mai kyau ya yi shekaru a haka bai taɓa gwada yin wani abu da hannunsa ba, alhali allura ba ta kai kuɗin kati ba.

Asali da ire-iren huluna

Hausawa sun daɗe a Legas, cinikin goro da na shanu ne ya fara kawo su, kuma bayan layin dogo ya isa Kano a 1911 zirga-zirgar ta ƙaru sosai, Agege ta zama babban zango. Hula kuwa duk inda Bahaushe ya je da ita yake tafiya. Wadda ta fi suna a cikin masu ɗinkin hannu ita ce Zanna Bukar, asalinta daga Barno ne, ana danganta sunan da Zanna Bukar Dipcharima wanda ya yi minista a Jamhuriya ta Farko. Akwai kuma hular Bama da ake kira da sunan garin Bama a jihar Barno, masu ɗinkinta sun shahara wajen ƙananan ɗinki masu laushi, kuma bayan da Boko Haram ta kama garin a 2014 da yawa daga cikin mutanen da suka gudu Maiduguri da wannan ɗinkin suka riƙa riƙe kansu a sansanonin 'yan gudun hijira, wanda wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa aikin ba ya neman fili. Sauran sunayen da ake ji a bakin masu hula akwai kube da damanga da tangaran da bangwal. Dara da haɓar kada su ba irin wannan ɗinkin ake musu ba.

Yarbawa suna da nasu hulunan, filarsu ta aso-oke, wato saƙin Yarbawa, da ake karyawa gefe, da abeti aja mai kunnuwa biyu, amma duk da haka a Legas za ka ga Bayarabe ya sa hular Arewa ranar Juma'a ko wajen biki, don haka masu son abin ba Hausawa ne kaɗai ba.

Kayan aiki

Farin yadi na auduga, irin su akoko ko alawayyo, sai allurai ƙanana, zare kala-kala, reza ko ƙaramin almakashi, biro ko fensir na zane, da tef na awo. A cikin zaren da aka sani akwai DMC da Anchor, sun fi tsada amma ba sa saurin zuba, mai koyo dai ya fara da mai araha tunda hular farko ta koyo ce. Ana samun zare da allura a wajen masu sayar da kayan teloli a kasuwannin Balogun da Oshodi da ma cikin Agege, wasu kuma saƙo suke bayarwa a kawo musu daga Kano ko Maiduguri ta hannun direbobi, har da yadin da aka riga aka yi wa zane. Shawara mai kyau ita ce kar mutum ya sayi kala goma a ranar farko, kala biyu ko uku sun isa.

Yadda ake yi

Hula kashi biyu ce, akwai jiki wato dogon yankin da ke zagaye kai, akwai kuma kan hula, da'irar da ke sama. Kowanne daban ake ɗinka shi sai a ƙarshe a haɗa. Da inci ake awo, yawancin manya suna faɗawa tsakanin 21 da 24, kuma dole a bar ɗan rara don ɗinki yana jan yadi ya tsuke.

Da farko ana ninka yadin ya yi kauri a daidaita shi, sai a zana fasalin a kai, layuka da murabba'ai da siffofi masu maimaita kansu. Masu zane daban suke a wannan sana'ar, ba kowane maɗinki ne ya iya zane ba, don haka ba abin kunya ba ne mai koyo ya sayi zananne. Daga nan sai a bi layukan zanen da zare a fitar da iyakoki, sannan a zo kan cikewa, kuma nan ne ainihin aikin yake. A irin ɗinkin da ke da ƙananan ramuka, maɗinki zai huda yadin da allura ya ɗan buɗa zaren yadin ba tare da ya tsinka shi ba, sai ya zagaye ramin da ɗinki sau da yawa har bakinsa ya tsaya cak, ya matsa gaba kaɗan ya sake huda wani, haka haka har layi ya cika. Idan ka ɗaga hular kirki ka kalli haske ta cikinta za ka ga ramukan a jere reras girmansu ɗaya, ta nan iska ke shiga kai, kuma ta nan masana ke gane aikin gwani. Abin da ya fi ba sabon shiga wahala shi ne jan zare daidai wa daida, in ka ja da ƙarfi yadin ya tattare, in ka sassauta ɗinkin ya yi laɓo-laɓo ya tashi, kuma babu wanda zai iya koya maka wannan da baki, yatsunka ne za su gane da kansu bayan an yi ta yi. Zaren da za a sa a allura kar ya wuce tsawon kamu ɗaya, in ya yi tsawo sai ya riƙa harɗewa yana yin gashi.

Hula ɗaya takan ci makonni, mai ƙananan ɗinki sosai har watanni, ya danganta da zanen da kuma lokacin da mutum ke samu. Wanda ke son abin da zai gama yau ya ɗora a Facebook gobe, wannan ba nasa ba ne.

Koyo

Hanya mafi sauƙi ita ce zama kusa da wanda ya iya. A bakin masallatan unguwannin Hausawa da wajen masu sayar da huluna da masu wankinsu ba a rasa wanda ya san aikin, sau da yawa mutumin Barno ne ko Yobe. A je da ladabi a gaisa, a ce "Malam, don Allah ina sha'awar aikin nan, ko za a ɗan nuna min yadda ake kama allurar?" Da wuya dattijo ya hana, sai dai ya ce "to ɗana, samo ƙyalle ka zo." A kan ƙyalle ake fara koyo ba a kan hula ba, layi ɗaya a yi ta maimaitawa. Akwai bidiyoyi a YouTube da TikTok, suna taimakawa wajen ganin fasali, amma ba za su kama hannunka su gyara maka riƙo ba. Mata kuma a tsakaninsu suke koya wa juna a cikin gida ko bayan an tashi daga Islamiyya.

Matsaloli

Babbar matsalar ido ce da wuya da baya. A yi ɗinki da hasken rana a bakin ƙofa ko jikin taga, in an ɗauke wuta da dare a haƙura, ɗinki da tocilan waya yana gajiyar da ido ƙwarai, kuma a riƙa ɗaga kai ana miƙewa lokaci-lokaci. Ta biyu ita ce laimar Legas, garin bakin teku ne, damina doguwa ce, farin yadi in aka bar shi a ƙasa ko jikin bango sai ya yi fumfuna da ɗigo-ɗigon baƙi da ba ya fita da wanki, allura kuma ta yi tsatsa ta ɓata aikin wata guda. Maganin shi ne a ajiye kayan a roba mai murfi ko gwangwanin biskit, a cire allura daga jikin yadi duk lokacin da aka tashi, a wanke hannu kafin a fara saboda gumi da maiƙo. Gidan da akwai yara masu rarrafe kuwa dole a san inda kowace allura take. Kuma kar a ce za a yi a cikin danfo, wato bas ɗin haya na Legas, saboda an maƙale a gosulo, birki ɗaya ya isa allura ta shige yatsa.

Wanki da batun sayarwa

In an gama aka haɗa jiki da kai, sai a kai wa masu wankin hula, su wanke su sa sitati su ɗora ta a kan icen da aka sassaƙa daidai girman kai ta bushe, su buga ta ta yi sheƙi ta tsaya. Sai a lokacin mai ita zai ga ainihin abin da ya yi.

Wasu sukan fara lissafin riba tun kafin su gama ta farko, kuma a nan ake karaya. Hulunan inji masu araha, har da waɗanda ake shigowa da su daga Chaina, sun cika kasuwa, mai saye na yau da kullum ba zai biya kuɗin wahalar makonni ba sai wanda ya san darajar aikin hannu, su kuma irin waɗannan aikin gwanaye suke nema. Ya fi kyau hula ta farko da ta biyu mutum ya ɗinka wa kansa ko mahaifinsa ko ɗansa na Sallah, in hannu ya faɗa masu so za su tambaya da kansu, a masallaci ma za a tare ka a ce wa ya ɗinka maka wannan.

Wanda ya gwada ya ga idonsa ba zai ɗauka ba, akwai makamantansa da su ma ba sa cin wuri, kamar saƙa da kwarashi, zanen lalle, jera duwatsun ado, ko zayyanar allo ga wanda ya iya riƙe alƙalami da tawada.