Kitsen da ke cikin tarwadarka: tambayoyin da ake ta maimaita min

Masu kiwon kifi, ga amsoshin a rubuce. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Na yanka tarwada na ga farin kitse ya lulluɓe hanji. Alamar ƙoshi ce?

A'a. Kuɗin abincinka ne ya taru a wurin da mai saye zai kwashe ya zubar.

Ban zuba mai a abinci ba, daga ina kitsen?

Daga masara da garin rogon da ka cika don rage tsada. Hanta tana mayar da rarar sitaci kitse.

Kayan cikin kaza fa?

Haba Alhaji! Kullum sai an yi wannan tambayar. Kitse ya yi musu yawa, kuma suna ɓata ruwa.

To zan iya zuba manja ko man gyada a abincin da nake haɗawa?

Za ka iya, amma tsaya ka ji. Kifi yana bukatar mai. Idan babu, furotin mai tsada zai ƙona don samun ƙarfi maimakon ya gina tsoka da shi. Tarwada tana karɓar manja sosai. Sai dai mai ba ya narkewa a jini, don haka hanji da hanta suna naɗe shi cikin furotin, su yi ƙananan ƙunshi da jini zai iya ɗauka.  Wannan naɗin yana bukatar kolin, wani sinadari mai kama da bitamin da kifi ke samu a abinci. Idan ya yi ƙaranci, ko man ya fi ƙarfin hanta, kitsen sai ya maƙale a cikinta, ta kumbura, ta koɗe. Shi ya sa ba na ba kowa ma'aunin mai iri ɗaya. Ya danganta da girman kifin, da man da ya riga ya shiga ta tunkuza da garin kifi, da kuma lokaci, domin a hunturu ruwa ya yi sanyi, kifi ba ya ci sosai, ba ya ƙona abin da ya ci da wuri. Fara da kaɗan. Lokaci-lokaci ka yanka ɗaya ka duba hantar. Kuma koɗaɗɗiyar hanta ba lallai yawan mai ba ne: tunkuzar da ta yi fumfuna tana lalata hanta, haka man da ya tsufa ya yi wari.

In rage wa matan tarwadar da zan cire wa ƙwai kitse a abincinsu?

Kwantar da hankalinka, kar ka taɓa. Hantarsu tana haɗa wani ƙunshi na musamman da jini ke kai wa ƙwai, shi ne gwaiduwar da 'ya'yan kifi ke rayuwa a kai kwanakin farko bayan ƙyanƙyasa. Ka tsuke musu mai mai kyau, ƙwan ne zai yi rauni.

Karfasa ma haka take?

Kusan haka. Ta fi tarwada jure sitaci, amma ita ma hantarta tana tara kitse idan aka cika mata.